Uwar da Ke Ramewa

Gwaggo mai ɗinki a kan keken ƙafa ta tsufa, har gwiwarta ta dama ta fara ƙara kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Da keken nan ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, a wani ɗan shago da in ta buɗe hannuwa sai ta taɓa bango biyu. Ba ta taɓa cin bashi ba sai bara, da likita ya ce ko ta bar taka keke ko gwiwar ta bar ta. Shi ne ta karɓi rance a banki ta sayi na lantarki, tana biya duk wata ba fashi.

Ana nan sai ga mijin ƙanwarta, mutumin da tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba" ba. Ya kawo wando a rage masa ƙafa, kyauta kamar kullum, ya ji zancen rancen ya kama baki.

"Yaya, an cuce ki! Kuɗin ruwa kawai kike biya, uwar kuɗin tana nan ko gezau. Ranar da suka ce ki kawo ta a dunƙule kika kasa, keken za su ɗauke."

Nan take Gwaggo ta daina karɓar babban aiki, don kada a ɗauke keken alhali kayan mutane na hannunta. Har wata mata da ta kawo ɗinkin kayan makaranta sai da ta mayar mata da yadinta. Tsoro take ji sosai, don ta san gwiwarta ba za ta iya komawa tsohon keke ba.

Da abin ya ishe ta, ta rufe shago da rana tsaka ta nufi bankin. Wata ma'aikaciya, sa'ar autarta, ta jawo mata kujera.

"'Yata, kada ki ɓoye min. Uwar nan yaushe za ku neme ta?"

"Uwar wa, Mama?"

"Uwar kuɗin mana!"

Yarinyar ta danne dariya, ta duba kwamfuta. "Haba Mama, ai kin ci fiye da rabinta. Duk abin da kika kawo kashi biyu muke yi, kaɗan na ruwa, sauran a zaftare daga uwar. Ruwan kuma a kan abin da ya saura ake lissafa shi, shi ya sa kullum raguwa yake."

"Wato ramewa take?"

"Ramewa take, Mama. Baɗi war haka ta mutu, keke ya zama naki."

Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya, ƙwalla ta cika mata ido. Ita da ta yi jinyar tata uwar tana kuka, yau ga ta an ce uwa na ramewa tana ta hamdala. Tun kafin ta fita ƙofar bankin ta kira matar da ta mayar wa da ɗinkin kayan makaranta, ta ce ta kawo yadin duka, yau ɗin nan.