Igiyar Shanyar Malama Marlys

Ƙarfe biyu da rabi na rana Malama Marlys Tollefson take saukowa ɗakin ƙasa na laburaren garinmu, mataki ɗaya-ɗaya, hannu a kan ƙarfen dafawa. Ta kunna fitila, ta ɗora kofi, ta tara ruwan ɗumi a robobi uku. Kofin na sha ne. Ruwan kuwa na hannaye ne, don ɗalibanta daga kamfanin yankan talotalo suke tasowa, bayan awa tara riƙe da wuƙa cikin sanyi, kuma hannun da ya yi irin wannan wuni ba ya riƙe fensir sai an gasa shi. Shekara ashirin da shida tana haka, tana koya wa manya Turanci. Juma'ar da ta wuce ta ajiye aikin.

Mu mutanen wannan yanki na Minnesota, a Amurka, muna da wata cuta da muka gada. Tambayi mutum yaya yake, ko dusar ƙanƙara ce ta rufta masa rufin gida, sai ya ce maka, "Ba laifi." Su kuma baƙin da suka zo aiki, abin da littafin Turanci ya fara sa musu a baki shi ne, "Lafiya lau, na gode." Shafi na ɗaya ke nan. Kalmar wahala kuwa, ka juya littafin har bangon baya, ba za ka tara uku ba. Sai abin ya haɗu: masu gari ba sa faɗa, baƙi ba su da abin faɗa da shi.

Marlys ta ga haka, sai ta kwance igiyar shanya daga bayan gidanta ta ɗaure ta a ajin daga bango zuwa bango. Ta rubuta kalmomin Turanci a katuna, ta maƙala su a jere, daga mai sauƙi a hagu zuwa mai nauyi a dama. Aiki mai ɗan wuya, mai wuya, mai cin rai, mai karya mutum. Ciwo mai tsami, mai zugi, mai suka, mai raɗaɗi, da wanda ke sa gaɓa ta sage. Gajiyar da barci ke magani, da wadda barci ba ya taɓawa. Dokar ajin ɗaya ce tak: in ta tambaye ka yaya kake, babu "ba laifi". Tashi za ka yi ka nuna katinka.

"Haba Malama," in ji Warsame, wani Basomale mai ban dariya da ke ɗaukar akwatunan nama, "wannan aji ne ko zaman makoki? Yaushe za ki koya mana Turancin neman aure?"

"Kai mai 'ya'ya bakwai? Ai kai ne za ka koya mini. Tashi ka nuna mini kafaɗar nan a kan igiya."

Wadda ta fi ba ta wuya Eulalia Pascual ce, 'yar Guatemala, shekara goma sha ɗaya tana cire ƙashin ƙirjin talotalo. Hannunta na dama ya fara mutuwa. Sau biyu aka tura ta wurin likitan da ke duba raunin ma'aikata, sau biyu ya ce mata yaya hannun, sau biyu ta yi murmushi ta karanto masa shafi na ɗaya. Tafintan da ake kira ta waya Sifaniyanci yake ji, ita kuwa yaren ƙauyensu na kan dutse take yi. Aka rubuta cewa ta ce lafiya lau, aka mayar da ita bakin wuƙa. Saura gani na uku, ranar wata Alhamis. In ta sake faɗin haka, an rufe maganarta ke nan, hannun kuma ba zai ƙara shekara ba.

"A garinmu rashin kunya ne ka kai wa babban mutum kuka," in ji Eulalia.

"A garinmu ma haka ne, 'yar nan," in ji Marlys. "Shi ya sa rabinmu muke ɗingishi. Sa hannunki cikin ruwan, mu sake gwada abin da za ki faɗa masa."

Mako uku suna sakewa. Marlys ta zauna a matsayin likita, ta ɗaure fuska, ta riƙa duba agogo kamar mai sauri. Da Eulalia ta fara murmushi sai ta buga tebur. Ranar Alhamis ita ta kai ta a mota, amma ta tsaya a ɗakin jira, don ta ce bakin mai hannu ake so a ji. Ma'aikaciyar jinyar da ke ciki ce ta ba mu labari. Likita ya tambaya, idonsa a kan kwamfuta. Eulalia ta miƙa masa hannun dama. Sannan ta ce, "Da safe sagewa yake, ba na jin nawa ne. Da rana raɗaɗi, daga nan zuwa nan. In na ɗauki kofi sai ya faɗi. Wata biyar ban yi wa 'yata kitso ba." Likita ya juyo da kujerarsa. An yi mata aiki, an sauya mata wuri. Yatsu biyu ba su dawo ba har yau, amma hannun yana nan.

Ke ce kika yi wannan, Marlys, ke da igiyar shanya da ruwan ɗumi. Mai sa wa wahala suna. Mun kuma san abin da ba ki faɗa: shekara shida ke nan tun da ɓarin jikin mijinki Arvid ya shanye, ke kike ɗaga shi, ke kike masa wanka, kafin ki sauko mana matakalar nan da ƙugun da ya ƙare.

Ranar sallama ɗakin ya cika, kowa da tukunyarsa. Eulalia ta zo ta riƙe mata hannu ta ce, "Malama, yaya kike?"

"Ba laifi," in ji Marlys.

Warsame ya ce, "Kai! Kun ji mai doka!"

"Tashi, Malama," in ji Eulalia. "Nuna."

Ta so ta mayar da abin wasa, ba wanda ya taya ta dariya. Sai ta miƙe da ƙyar, ta bi igiyar tana dafa kujeru. Ta wuce katin gajiyar da barci ke magani, ta wuce na gaba, har ta kai ƙarshen dama. Ta cire katin da ke can, mafi nauyi duka, ta riƙe shi a ƙirji, hawaye na zuba. Eulalia dai ta jawo robar ruwan ɗumi, ta kama hannayen Malama biyu ta sa a ciki.

Mun gode, Marlys. Allah ya huta gajiya. Mun ji kunya da muka yi shekara shida muna karɓar "ba laifi" daga bakinki, don ya fi mana sauƙi. Warsame da wasu uku sun raba ranakun ɗaga Arvid a tsakaninsu. Ajin kuwa har yanzu babu malami, igiyar tana nan rataye, kuma ranar Litinin ƙarfe uku mutane za su sauko da hannaye a kumbure. Wanda ke da rana guda da zai iya bayarwa, ya zo ya tara ruwan.