Ranar da Amfilifaya Ta Sha Fenti

Maigidana a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, amma da jita aka san shi. Tun kafin a kawo ni gidansa yake da amfilifayarsa, wani baƙin akwati mai nauyin buhun masara, ita ke ɗaga muryar jitar. A bayanta akwai 'yan kwalabe jere kamar ƙwan fitila. In an kunna ta ba ta magana nan take, sai kwalaben sun yi ja, ɗaki ya ɗauki ƙanshin ƙura mai ɗumi. Da ita ya yi bukukuwan aure daga unguwar Television har Sabon Tasha, ni kuwa ina tsakiyar fili ina rawa, don a san makaɗin nan yana da mata.

Da tsufa ya kama yatsunsa sai ta koma kusurwar falo. Bara jikanmu ya ɗauki hotonta ya sa a waya. Sai ga wani mutumin Jos, mai tara irin waɗannan tsofaffin akwatuna, ya ce zai zo ranar Asabar ya ɗauka. Yara suka taru a kan ubansu, wai cin wuri kawai take yi. Ya ce to. Amma ni na ga yadda yake shafa kanta in zai wuce.

Abin da ya dame ni daban ne. Yadin gabanta ya yage, fatarta ta goge, ga shatin gindin kofi a samanta. Baƙo ya taso tun daga Jos ya ga wannan a gidana? Mu ba ma fitar da kaya daga gida da dauɗa. Ranar Juma'a, da maigidan ya tafi taron maza a coci, na ɗauko ragowar shuɗin fentin da muka shafa wa ƙofa da Kirsimeti, na shafe ta tas. Na cire yagaggen yadin, na buga mata sabuwar atamfarmu ta zumuntar mata. Maɓallan ma na dirje su da toka har lambobin suka fita. Na rufe ta da zane.

Baƙon ya zo, mutumin kirki, ya durƙusa ya gaishe mu. Na yaye zanen da kaina.

Ya ƙura mata ido. Can ya zauna a ƙasa.

"Mama, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce, ɗana. Ba sai ka yi godiya ba."

"Mama, ai tsufan nake nema. Gogewar nan da yagewar nan, su ne darajarta. Ina tsohon yadin?"

"Na hura wuta da shi. Ni ma tsohuwa ce, ka gan ni da tsumma?"

Maigidan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Baƙon ya roƙi a bari ko muryarta ya ji. Aka jona jita, aka jira kwalabe suka yi ja. Baƙon ya taɓa tsirkiya ɗaya, sautin ya fito da kauri da laushi, har maƙwabciyata ta leƙo da ludayi a hannu. Maigidan ya ce, "Kai yaro, ba a dukanta, lallaɓa ta ake yi. Kawo." Da yatsun da ya ce sun mutu ya kaɗa mana waƙar da ake raka amarya da ita. Na tashi na taka, baƙo yana tafi.

Da suka gama baƙon ya ce a gafarce shi, ba zai iya jera ta cikin sauran akwatunansa ba, amma ko za a bar shi ya riƙa zuwa yana ji in ya shigo Kaduna. Na ce ƙofa a buɗe take, na cika masa leda da gyaɗa.

Da muka dawo daga rakiya, maigidan ya zagaya akwatin yana dubawa.

"Akwai sauran fentin?"

"Akwai."

"Ƙasan nan bai samu ba. Shafa masa, kada wani ya sake zuwa."