Fankar da ta kusa korar mahaifiyata

Shekarun baya, shekara biyu bayan an ba ƙasarmu mulkin kai, tun kafin babban ruwan nan da ya shiga Harami, aka ja mana wutar lantarki unguwa. Ina goyon ɗana na uku. A shekarar ce kuma saƙo ya iso cewa mahaifiyata za ta zo aikin Hajji. Rabona da ita tun ina amarya, ranar da muka kamo hanyar Sudan ni da maigidana.

Ni kuwa duk matan Hausawan Makka sun san gidana. Ɗaki ɗaya ne da 'yar madafa a jikinsa, amma murhuna yana da bututun gwangwani da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi. Ko daddawa na daka, sai dai ka ji ƙamshin turare in ka shigo. Na sha yi wa mata gori a kan haka, Allah Ya yafe mini.

Hajjin shekarar ya faɗo a tsakiyar zafi. Maigidana, don ya girmama surukarsa, ya sayo fanka, wadda Larabawa ke ce wa marwaha. Ya kafa ta a taga tana fuskantar waje, wai ta riƙa kwashe zafin ɗaki tana zubarwa. Sannan ya bi duk wata kafa ta ƙofa da bango ya toshe da tsumma, kada zafin ya dawo.

Inna ta iso, muka yi kuka muka yi dariya. Na hura wuta zan tuƙa mata tuwo, sai ga hayaƙi ya baro bututu, ya biyo ƙarƙashin labulen madafa ya cika ɗaki. Inna kuma tana da ciwon ƙirji. Ta kama tari har da hawaye.

Na bar itace na koma gawayi, bai hana ba. Maigida ya hau rufi da sanda, ko tattabaru sun yi sheƙa a bututun, bai samu komai ba. Abin mamaki, ko babu wuta a murhu, warin tsohuwar kunkunniya sai ya cika ɗakin. Maƙwabciyata ta leƙo ta toshe hanci, ta ce, "Ke ƙawata, ina ƙamshin da ake mana gori? Ko kifi kike bandawa a ƙarƙashin gado?"

Jagoran su Inna ya zo duba ta, ya ji tarin. Ya ce, "Hajiya, da wannan ƙirjin ba za ki iya tsayuwar Arfa ba. In bai lafa ba zuwa jibi, masaukin alhazai za ki koma." A ce uwata ta ƙetaro duniya, ta kasa kwana a ɗakina?

Washegari da hantsi aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Ina dama kunu, hayaƙi na bin bututunsa lafiya lau. Inna na kishingiɗe a tabarma ta ce, "Zo ki gani. Labulen nan tun da na zo yake turo ciki kamar mai wata tara. Yanzu ga shi ya sauke."

Muna kallo aka dawo da wuta. Labule ya sake kumburowa, hayaƙi ya biyo shi.

To, sauran faɗa wa mai fanka. Suruki ne, ko ido ba sa haɗawa. Ya zo gaisuwa, ya cire takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa. Inna ta juya ta fuskanci bango, ta ce da ni, "Ki gaya wa mutanen gidan nan, Allah Ya yi albarka, iskar ta gode. Amma ɗaki ma rai gare shi. In ka toshe masa hanci kana zuƙe masa numfashi, ta inda ya samu zai shaƙa, ko da ta murhu ne."

Mutumin yana jin komai, amma sai da na juya na maimaita masa kalma-kalma. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki ce mata an ji. Ki ce mata ɗakin ya yi haƙuri."

Inna ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Ni dai madafa na ruga na yi tawa dariyar.

Kafin azahar ya zare tsummokaransa, ya juya fanka ta fuskanci ciki. Hayaƙi ya koma hanyarsa. Jagora ya dawo ya tarar da Inna tana ɓare gyaɗa tana ba jikokinta labari, ya yi sallama ya tafi shi kaɗai. A ɗakina ta kwana har ranar fita Mina, ta tsaya Arfa da ƙafafunta, a Muzdalifa ma ita ta tsinto mini tsakuwa.

Har yau in na shiga gidajen nan na zamani da aka rufe ruf, sai na nemi taga na ɗan buɗe. Jikokina su ce Hajiya ta fara. Su faɗa.

Inna ta rasu, maigida ya bi ta, jagoran ma tuni. A cikin waɗanda suka shaƙi hayaƙin nan da wayonsu, saura ni da maƙwabciyata. Tana unguwar Ka'akiyya wajen ɗanta, ba ta gani sosai, amma da ta ji sallamata sai ta toshe hanci.