Abarci da Baƙar Kaza

Shekara ashirin da shida ina riƙe wa Abarci igiya. Shi ke shiga rijiya, ni Mamani ke tsaye a baki, hannuna kan igiya, idona kan takarkarin da ke ja. Saboda haka in ana maganarsa a Dakoro kada kowa ya ce zai koya mani ko wane ne shi, don na san nauyinsa fiye da matarsa Dela.

Gajere ne, ga faɗin ƙirji, ga kunne ɗaya da dutse ya tsage tun yana saurayi. Haƙar rijiya da yasarta ya gada. Rijiyoyinmu kuwa ba na wasa ba ne, gaba arba'in, wata hamsin, in ka leƙa sai ka ga ruwan can ƙasa kamar bakin moɗa. Daga Roumbou har Tagriss, duk inda rijiya ta cushe ko ta zube, shi ake aiko wa.

Ubansa Anne ne, irin mutanen nan namu na da masu bin gargajiya, har ya mutu goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Abarci kam yana salla, yana azumi, ni shaida ne. Abu guda kawai ya riƙe daga uban. Ba ya shiga rijiya sai an fara zura baƙar kaza cikin kwando, ya yi mata raɗa, wai sallama ce ga Mai Rijiya. Sai mu zauna mu sha shayi zagaye uku, sannan a jawo ta. In ta fito tana ƙyarƙyara, ya ɗaura igiya. In ta fito wuya a langaɓe, a bar rijiya a buɗe kwana uku, ko sarki ne ya aiko. Sau huɗu na ga kaza ta fito a mace da idona.

Na taɓa tambayarsa ko da gaske ya yarda akwai wani a ƙasan. Ya ce bai sani ba, bai taɓa gamuwa da kowa ba sai kwaɗi. Abin da ya sani, uban ya mutu kan tabarma, shi ma yana so.

Rigima ta taso ne da ɗansa Yazidu ya komo daga karatu a Maradi. Mutum ne mai hankali, ba zan yi masa ƙarya ba, kuma aikin rijiya ya iya shi tun kafin ya tafi. Amma ya komo da magana ɗaya a baki, cewa kazar nan shirka ce. Ya samu goyon bayan Malam Tanimu, limamin unguwarmu. Suka riƙa zama da Abarci bayan la'asar, gindin itacen bedi na ƙofar masallaci, mu kuma muna gefe muna saurare.

Malam ya ce Allah ya gama rubuta kwanan kowa tun ba a yi sama da ƙasa ba, kaza ba ta ƙara minti, ba ta ragewa. Abarci ya ce to in haka ne a bari ya shiga ba igiya. Malam ya ce igiya dabara ce, kaza kuwa roƙo ne ga wanin Allah, kuma wanda ya mutu a kan haka wutarsa ba ta da ƙarshe. Nan na ga fuskar Abarci ta sake.

"Allah gafarta Malam, tsohona fa? Shi ya zaɓi gidan da aka haife shi?"

Malam ya ce hukuncin waɗanda suka wuce yana wurin Allah, shi dai masu rai yake wa gargaɗi. Abarci ya ce shi duk zurfin rijiyar da ya shiga tana da ƙasa, wannan har abada ɗin da ba ta da ƙasa kansa ya kasa ɗaukarta. Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, don na san ba wasa yake ba.

Ba hujja ce ta karya shi ba, kada wani ya ruɗe ku. Yazidu ne ya daina cin tuwo ƙwarya ɗaya da shi. Wata biyu cur yana ɗaukar nasa ya koma zaure. Rannan kuma ya faɗa wa uwarsa, a gaban uban, cewa in Baba ya mutu a haka bai san ko zai iya tsayawa a sallarsa ba. Ranar Juma'ar da ta biyo, Abarci ya dafa Alƙur'ani gaban jama'a ya rantse ya bar kaza har ya mutu. Aka yi ta yi masa barka. Ni haushi ya hana ni miƙa hannu.

Rijiya uku muka yasa bayan nan ba abin da ya faru, Yazidu har yana tsokanata wai ina Mai Rijiyar ya shiga, ko ya yi ƙaura. Ta huɗun ce wannan ta kan hanyar Bader Goula, cikin bazara. Shekara biyu tana rufe da itace da buhunna, sai da ta kusa da ita ta ƙafe aka tuna da ita. Mun isa da hantsi muka tarar da makiyaya da shanunsu sun kewaye wurin, dabbobi na kuka, kwana biyu ba su sha ba.

Da aka yaye murfin, Abarci ya kwanta rub da ciki ya sa kai, ya daɗe. Ya tashi ya ce a bar ta kwana uku. Makiyaya suka ce kafin kwana uku rabin garken ya kwanta. Yazidu ya ce kwana ukun nan ma ai daga cikin wancan abin ne da aka tuba aka bari. Na ce to a zura kazar mana ba tare da raɗa ba, a yi bismilla kawai, ga kaji nan a ruga. Yazidu ya ce kazar ita ce abin. Na juya ga Abarci, ya ce da kaza ya rantse, ba da raɗa ba. Wallahi ji na yi kamar in haɗa kawunansu in gwara.

Kafin in ankara Yazidu ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya zauna bakin rijiya ƙafafunsa na lilo a ciki.

"Baba Mamani, saki. In kwanana ya ƙare, ko a kan gado ne zan tahi."

Ban saki ba. Abarci ya zo ya durƙusa bayansa, ya kama ƙullin ya ce wannan ɗauri ba daidai ba ne, ya taso a gyara. Ƙarya yake, ɗaurin lafiya lau, shi ya koya masa. Yazidu ya taso, uban ya kwance igiyar a hankali, ya juya ta, sai gani muka yi ya zarga ta a nasa ƙugun.

"Ka hana ni kaza, na bari. Wanga kuma ba ka da ikon hana ni, ni na haife ka."

Yazidu ya kama hannunsa, Abarci ya fizge. Ya dube ni ya ce in riƙe siririyar igiya ta alama, zai riƙa ja duk gaba biyar, in na ji shiru in kora takarkari. Na ce masa Abarci kada ka yi. Ya ce in ban riƙe ba, zai ba wani Bafillace cikin makiyayan ya riƙe. Na riƙe, kuma har gobe ina jin zafin wannan.

Gaba biyar, ya ja. Goma, ya ja. Yana ta ƴar waƙarsa ta aiki, muryar na ƙara nisa. Ashirin da biyar ya ja. Talatin waƙa ta tsaya, amma ya ja, sau ɗaya, a raunane. Na ƙirga numfashina zuwa goma, igiya ta yi lakwas a hannuna. Na kwarma wa mai takarkari ihu.

Takarkari ba ya gudu, duk wanda ya san shi ya sani. Muka kama igiyar mu wajen takwas muna taya shi, Yazidu a gaba, tafinsa na zubar da jini. Da kan Abarci ya bayyana, leɓɓansa sun yi baƙi, wuyansa a langaɓe. Na san wannan langaɓewar, sau huɗu na taɓa ganinta.

A amalanke muka kai shi bakin hanya, mota ta kawo mu likita a Dakoro, can aka tabbatar mana ya cika. Ma'aikacin ya ce tururi ne mai guba ke taruwa a rijiyar da ta daɗe a rufe, mutum ko dabba duk ɗaya ne. Ya ce da ma an gwada da wani abu mai rai tukuna.

Yazidu ya tsaya a sallar jana'izar, sahun farko. A wurin zaman makoki Malam Tanimu ya ce a yi haƙuri, kwana ne ya ƙare, kuma mamacin ya cika da rantsuwarsa a riƙe. Na yarda da ta biyun. Aka yi addu'a kowa ya shafa, sai Yazidu ya ɗago hannuwansa naɗe da tsumma.

"Malam, igiyar nan a ƙuguna take, ni na ɗaura. Kwanan wa aka rubuta, nashi ko nawa?"

Aka kawo fura, ba wanda ya taɓa.