Iskar da ta kama jinin mahaifiyata

Shekarun baya, zamanin da sojoji ke riƙe da mulki, na dawo gida Gaya da ordinatar, wato kwamfuta, ta aro don in ƙarasa binciken kammala karatuna. Aikin lissafi ne zalla. A cikin jini akwai ƙwayar ƙarfe, ita ce kujerar da iskar numfashi ke hawa ta zaga jiki. Ni kuma ina sa na'ura ta auna yadda wata muguwar iska ta cikin hayaƙi ke ƙwace kujerar, ta ƙi sauka. Sai na'urar ta yi kwana uku tana lissafi, a ɗauke wuta, in koma farko. Lambobin da ke fitowa ma ɗaure mini kai suke yi.

A lokacin mahaifiyata tana bandar kifi a wani ɗan ɗaki marar taga, kullum ciwon kai da jiri. Wata rana aka fito da ita a sume. Da ta farfaɗo ta ce in faɗa mata gaskiya, tunda ni ne mai karatun jini.

Na ce, "Inna, iska ce ta kama miki jini."

Ta jinjina kai, ta ce dama ta sani. Na ji daɗi, har ina ganin na iya koyarwa.

Washegari na tarar an ɗauko mai magani daga Tanda. Ashe ni iskar shaƙa nake nufi, ita kuwa ta aljanu ta ji. Mutumin ya ce a rufe ta a ɗaki a turara ta da garwashi. Na san hayaƙin garwashin ƙara mata ciwon zai yi, sai na tare ƙofa. Na hau bayanin ƙarfe da kujera har ni kaina na rikice. Ƙarshe na buɗe mata hoton aikina a ordinatar, 'yan dunƙule ja da baƙi, na ce baƙin shi ne muguwar iskar.

Ta leƙa, ta ce, "To, ɗan nan, ita baƙar ta ina za ta fita?"

Duk karatuna a kan shigarta yake, ban taɓa tunanin fitarta ba. Na ari diga na fasa bangon ɗakin bandar, taga biyu.

Ciwon ya tafi. Har yau tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya ga aljanar a na'ura, ya buɗe mata hanya. Da abin yana ba ni haushi, yanzu na daina gyara mata. Ni da ita ba mu taɓa yarda a kan wace iska ce ba, amma tagogin na nan a buɗe.