Madam Hilda, wadda ta koya mana kiran juna

Kowace Asabar, kafin bakwai na safe, Madam Hilda tana sauka daga keke napep a bakin filin wata firamare a Dawaki, da buhun sandunan wasan ƙwallon hoki a kafaɗa. Sai ta tsince duwatsu, ta yayyafa ruwa a bakin raga, sannan ta tsaya tana ƙirga mu yayin da muke shigowa. Shekara ashirin da takwas ta yi tana koyar da motsa jiki, kuma bayan ta yi ritaya ba ta ajiye buhun ba. Ƙarshen watan nan za ta koma gida Kaltungo, saboda gwiwoyinta sun ƙi. Tun da na ji labarin, hankalina bai kwanta ba.

Mu ba 'yan gasa ba ne. Malamai ne da nas-nas da tela guda, muna wasa don jini ya motsa. Babbar matsalarmu ita ce fitar da ƙwallo daga gidanmu. Da ta zo bakin ragarmu sai tsoro ya kama mu, mu maka ta gaba ido rufe, ta dawo mana nan take. Madam ta koya mana mu ɗaga kai tun ƙwallo ba ta iso ba, mu fita ta gefe, wadda ta miƙa kuma ta ruga ta buɗe wuri. Dokarta guda ce: kafin ki miƙa, ki kira sunan wadda za ki ba.

Nan aka samu cikas. Amatullah, mai tsaron bayanmu, takan ga Jumma tsaye ita kaɗai a dama, ta dube ta, ta juya ta ba wata. Mako uku ana cin mu ta nan. Har mun fara zaton gaba ce.

"Amatullah, me Jumma ta yi miki?" in ji Madam.

Amatullah ta sunkuyar da kai. Becky nas ce ta fashe da dariya. "Madam, sunan surukarta ne fa! Ko za a ci mu goma ba za ta faɗa ba."

Madam ba ta yi dariya ba. "To, me kike kiran surukar taki?"

"Inna."

"Jumma, daga yau a filin nan ke ce Inna."

"Ni da ko aure ban yi ba?" in ji Jumma. "To ta riƙa gaishe ni a durƙushe!"

Ranar muka fita daga gida sau bakwai ba a tare mu ba. Ke ce, Madam, wadda ba ta taɓa ce wa kowa ta bar tarbiyyar gidansu a bakin fili ba. Kin dai nemo mata hanya.

Ni kuwa ba ni da surukar da zan fake da ita. Har na gama jami'a ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Madam ta ajiye ni a tsakiyar baya, ta ce ina ganin komai, saura bakina. Shekara biyu ita take kiran sunaye a madadina daga gefe.

Bara ta kwanta jinya mako shida. A mako na huɗu mu huɗu muka zo, muka zauna a kan buhu, muka tashi. Abin da nake tsoro ke nan. Yanzu kuma ni ta ce in riƙe ƙungiyar.

Na roƙe ta ta bar mini usur ɗinta. Ta ce, "Su'ad, usur tsayar da wasa yake yi. Ba ya kiran kowa."

Asabar da ta wuce ta zauna ƙarƙashin darbejiya, ta ɗaure bakinta. Aka matse mu a bakin raga. Ƙwallo ta zo sandata, na ga Jumma a buɗe, na waiga gefe. Madam tana kallona kawai. Muryata ta fito siririya: "Inna, dama!" Jumma ta juyo, ta karɓa, ta wuce. Becky ta ajiye sanda ta ce, "Ashe kina magana!" Madam dai ta gyara zama.

Mun gode, Madam Hilda, uwar fili. Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki huta. Ku da kuka iya wani abu, ko ɗinki ne ko wasa, ku ware safiya guda ku koya wa wasu kamar yadda ta yi.

Asabar ta farko bayan tafiyarki, buhun yana wurina. Ban san mutum nawa za su zo ba. Amma tun ranar Juma'a zan ɗauki waya, in kira su ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta.