Sunan da Aka Faɗa wa Akuya

Aikin rajistar cocinmu wahala ce tsagwaronta. Na yi noman gyaɗa a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, na yi dakon buhu a kasuwar Zango har bayana ya ƙi miƙewa, amma ban sha wuyar da littafin nan mai baƙin bango ya ba ni ba. Kuma ba roƙa na yi aka ba ni ba. Aji huɗu na yi a firamare na fita. Laifina ɗaya, ni nake rubuta wa mutane alama a jikin buhun gero idan za a loda mota, sai aka ce hannuna yana karantuwa.

Cocin namu na Angilikan ne, ƙarami, a wani ƙauye tsakanin Zango da Baure. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, benci bai kai goma ba. Gidajenmu 'yan kaɗan ne a gefen gari, sauran mutane Musulmi ne, kuma rabinsu danginmu. Duk shekara muna zaɓen dattawan da za su riƙe coci. A da ba wani dogon zance. A ambaci mutum, a ɗaga hannu, a ƙirga, a tashi. Duk wanda ke ciki sai ya ɗaga, har baƙon da ya zo gaisuwa.

Sai aka turo mana sabon Rabaran, matashi, mai zagaya ƙauye huɗu a kan babur. Mu ranar Lahadi da safe kawai muke ganinsa. Mutumin kirki ne, sai dai yana son komai a rubuce. Ya ce bana ƙa'ida za a bi. Za a sake rajista sabuwa, kowa da layinsa, kowa da sunansa na baftisma. Lahadi mai zuwa zan tsaya in karanta a gaban jama'a, wanda ya ji nasa ya amsa, sannan a rufe littafi. Wanda ba ya ciki, ranar zaɓe zai jira a waje ƙarƙashin darbejiya.

Na ɗauki tsohon littafi na kai gida. Marigayi malamin cocinmu ne ya riƙe shi tun ina yaro, kuma yadda ake kiran mutane a gari haka ya rubuta su. Uwar wance. Ƙanin wane. Mai jan jaki. Wani na same shi sau uku da suna uku, wani ya koma Kano tun tuni amma yana nan zaune a shafi na biyu. Kwana uku ina bi gida gida ina duba katin baftisma, ana ba ni ruwa ana yi mini dariya. Duk wannan mai sauƙi ne.

Ranar Laraba na iso layin surukina. Malamin ya rubuta sunansa, ya ƙara da cewa "da matarsa". Layi ɗaya ya ba su su biyu. Da tsohon ya rasu, sai malamin ya ja biro tun daga farkon layin har ƙarshensa, ya yi ɗan gicciye a gefe. Ke nan a littafi surukata ta bi mijinta tun shekarun baya. Alhali duk Lahadi tana bencin mata na gaba, ita ke fara waƙa, kuma ranar zaɓe hannunta ne farkon tashi, da faɗa a bakinta idan an tsayar da wanda ba ta so. Ruwan da aka kwaɓa ƙasar ginin cocin nan, a kanta ya zo daga rijiya. Ita ce za a ce ta jira a waje.

Na buga wa Rabaran waya. Ya ce ai ba damuwa, in buɗe mata sabon layi. Na ce katinta gara ta cinye. Ya ce dattawa sun shaida ta, ba sai da kati ba, sunan kawai yake so. "Amma fa Baba, sunanta, ba matar wane ba, ba uwar wance ba."

Na ce to. Ya kashe waya. Shi a wurinsa magana ta ƙare.

Shekara ashirin da wani abu ina auren 'yarta. Ban taɓa shan ruwa a gabanta ba. Ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba. Idan na hango ta a hanya, nakan shiga gonar mutane. Inna nake ce mata, ita kuma ko sau ɗaya ba ta kama sunana ba, sai dai "ɗan nan". Ni ne zan je in tambaye ta sunanta.

Na fara da matata, tana tuƙa tuwo.

"Uwar yara, mene ne sunan Inna na baftisma?"

Ta tsayar da muciya. "Lafiyarka kuwa?"

"Aiki aka ba ni."

"To wanda ya ba ka aikin ya ara maka baki. Ka taɓa jin na kama sunan uwata? Ko na sani ba zan faɗa ba, balle ban sani ba."

Na bi tsofaffin coci. Duk laƙabi suka sani. Wanda ya yi mata baftisma baƙo ne, ya zo ya tafi tun kafin a haife ni.

Ranar Juma'a na ari babur na tafi garin Babban Mutum wurin taubashinta, wani tsoho Musulmi mai tufka igiya. Na san taubashi ba ya jin kunyar komai. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Baiwar tawa? An kashe ta a littafi? Alhamdu lillahi, mun huta da bakinta!"

Ya jero mini sunayen tsokana wajen biyar, ya ɗora da sunanta na yanka, haka nan gatsal, ni kuwa ina kallon ƙasa.

"Baba, ba wannan ba. Na coci nake nema."

"Wanda aka zuba mata da ruwa? Ku kuka raɗa abinku, ni za ka zo tambaya? Ka bar jaki kana dukan taiki. Je ka same ta, ba ta cizo, haƙoran sun ƙare." Ya ba ni goro biyu in kai mata, ya ce in ce daga ubangidanta.

Ranar Asabar da la'asar na je. Tana tsakar gida tana ɓare gyaɗar iri, akuyarta ɗaure a turke kusa da ita. Na tsaya bayan zana, muka gaisa. Na tambayi ƙafarta, ta tambayi yara, na miƙa goro ta saman zana, ta ce Allah ya shirya wannan tsohon banza. Gaisuwa ta ƙare. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Ashe labari ya riga ni zuwa. Can sai na ji ta ce, "Ke akuya, kin ji wai na mutu?"

Sai kawai na bi ta inda ta buɗe. Na ce, "Akuya, ki gaya wa Inna kuskuren biro ne. Gyara ake so a yi."

"Ki tambaye shi, gyaran sai an tone tsohuwa?"

"Ki ce mata in ba a rubuta ba, ranar zaɓe a waje za ta zauna."

"A waje." Ta watsa wa akuya ɓawo. "Su zaɓi wancan mai barcin a lokacin wa'azi ina waje? Ki ce masa bai isa ba, shi da Rabaran ɗinsa."

Da ta sake magana, muryar ta sauka.

"Akuya, sunan nan sau ɗaya aka kira ni da shi. Ina amarya, ruwa yana bin wuyana. Mai gidan bai taɓa faɗa ba, kunya. 'Ya'ya ba su isa ba. Sa'o'ina kuwa sun ce ya yi musu nauyi a baki. Sai na ninke shi na sa a ƙasan adudu, kamar zanen da ake jiran biki. Wani lokaci in ina daka nakan faɗa a raina don kada ya ɓace mini."

Sannan ta matsa kusa da kunnen akuya ta faɗa. A hankali ta faɗa, amma yadda zai tsallake zana. Suna ne daga Littafi Mai Tsarki, gajere, mai daɗi. Ba zan sa shi a nan ba. Na ɗora littafi a gwiwa na rubuta, harafin farko a karkace.

Na ce, "Akuya, ki ce mata na gode. Gobe idan na zo layinta zan miƙa wa Rabaran ya karanta."

"A'a." Wannan karon ba ta bi ta kan akuya ba. "Ɗan nan, yaron can jiya ya zo, bai san ni ba. Kai ka tono, kai za ka kira. Kuma ka ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi. Na yafe maka na gobe kaɗai. Jibi in ka kuskura, sai na sa an karɓe 'yata."

Washegari na tsaya a gaban coci da littafi. Na kira, ana amsawa, wasu sai an zungure su don sun manta nasu ne. Da na iso layinta na tsaya. Matata ta ja gyale ta rufe fuska. Na cire takalmi, na durƙusa a nan gaban mutane, na juya kaina wajen bango, na kira sunan da ƙarfi yadda na bakin ƙofa zai ji.

Daga bencin mata na gaba aka ce, "Na'am. Ina nan."

Na sa mata alama, na miƙe, na kira na gaba.